Sabbin Ƙafafun Gwaggo

Mijina Ezekiya ba da ido yake tuƙi ba, da mazaunansa yake tuƙi. Idon ya daɗe da yin hazo. In ka tsaya a gabansa ba ka yi magana ba, bai san ko mutum ne ko turmi ba. Amma ka ɗora shi a kujerar Gwaggo, ka sa masa sitiyari a hannu, zai kai ka Betso ya dawo da kai Mubi, kai da buhunan gyaɗarka, ko kaza ba za ta yi ƙorafi a hanya ba.

Gwaggo ita ce akori-kurarmu. Ta girmi duk 'ya'yanmu, ta kuma fi su jin magana. Tayoyinta na gaba a jikin ƙarfe ɗaya suke, dogo mai nauyi, an ɗaure shi da sifirin irin na da, falle kan falle. Saboda haka in ƙafar hagu ta faɗa rami, ta dama ma sai ta ji, sitiyari ya ji, kujera ta ji, mai zaman kujera ya ji har cikin haƙoransa. Da wannan Ezekiya yake karanta hanya. Duk ramin da ke tsakanin Mubi da ƙauyukanta yana da suna a wurinsa. Akwai Tagwaye, biyu a jere, daga su sai a karya hagu a kama hanyar Betso. Akwai Ramin Fasto, inda wani fasto ya ciji harshensa yana tsakiyar yi mana addu'ar tafiya. Akwai Gaisuwar Suruka, wanda dole ka rusuna ko ba ka so. Can gab da Betso kuma akwai Ramin Eva, inda na haifi 'yarmu ta fari a bayan motar nan, a kan buhun masara, muna ƙoƙarin kai wa asibiti. An sha cike ramin nan da ƙasa, ya ƙi cikuwa. Shekarar da aka kawo gireda aka share wani yanki na hanyar, kowa yana murna, mijina ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai, har damina ta zo ta mayar masa da kayansa.

Ni kuma aikina ido. Ina zaune a gefensa ina kallon gaba, in ce “akuya,” ya taka birki, in ce “keke ta hagu,” ya matsa dama. Gudu dai babu. An taɓa yi wata tsohuwa ɗauke da itace ta wuce mu, ta waiwayo ta tambaya ko gawa muka ɗauko. Wanda zai ce wannan tsari bai dace ba, ya zo ya nuna mini direban Mubi mai lafiyayyen ido da bai taɓa buge ko tunkiya ba. Namu bai taɓa ba. Matsala ɗaya ce, ni mai barci ce. Ko a coci in aka ja wa'azi sai an zungure ni, in farka in ce amin. A cikin Gwaggo kuwa ko wanda ya sha magani ba ya iya rufe ido, shi ya sa aikin ya yi daidai da ni.

Mu biyu kaɗai muka san zancen idon, kuma wadda muka fi ɓoye wa ita ce Eva. Eva bakanikiya ce a Yola, ta gaske, irin wadda maza ke tsayawa kallo in ta shiga ƙarƙashin mota. Wata Kirsimeti tana cin naman akuya ta faɗa a gaban kowa cewa ranar da idon Baba ya fara rauni, ranar za ta karɓe makulli. Da dariya ta faɗa, amma ni na haife ta, na san dariyar. Ezekiya kuwa in aka raba shi da makullin nan, ban san abin da zai rage a cikin rigarsa ba. Ba ya shan giya, ba ya zuwa majalisa, gona ma da mota yake son ta. Gwaggo ce kawai wurin da har yanzu shi ne mai cewa hagu ko dama.

Bana da ruwa ya ɗauke Eva ta zo hutu. Tana tsaye a ƙofar gida muka dawo daga kasuwa, ta ga yadda ubanta ya sauko, hannu ɗaya a ƙugu, yana nishi a hankali don kada a ji.

“Baba, wannan mota zai karya maka baya,” in ji ta.

“Baya na lafiya.”

“Lafiya ina? Kana tafiya kamar mai neman allura a ƙasa. Zan canja mata ƙafan gaba. Akwai wani jif da aka buge ta baya a garejin Abdulhakeem, gaban shi sabo fil. Kowane taya da hannun shi, da sifirin nashi, da shokozoba nashi. Ɗaya ya shiga rami, ɗayan ba ruwan shi. Kai kuma a ciki ba za ka ji komai ba.”

“Komai?” in ji shi.

“Komai, Baba.”

Ya juyo wajen da yake zaton ina tsaye, ya kalli randa. Ni kuma na sunkuyar da kai. To me za mu ce mata? Mu ce a bar mana ciwon bayanmu muna so? Duk dalilin da za mu kawo, daga bayansa sai ta tambayi wani, kuma a ƙarshen tambayoyin Eva makulli ne. Ya ce, “To, Allah ya yi albarka,” da muryar wanda aka ce masa gobe za a cire masa haƙori.

Aka kai Gwaggo garejin Abdulhakeem mai walda. Suka ɗaga gabanta da jak, suka tokare da kututturan itace, suka kwance tayoyi. Abdulhakeem ya ƙwanƙwasa ƙarfen cikinta da guduma, ya kasa kunne, ya ce, “Baba Ezekiya, mota ya tsufa, amma ƙashi nashi ya fi nawa kyau.” Sannan ya kunna wuta ya yanke dogon ƙarfen nan. Da ya faɗo ƙasa sai da benci ya motsa. Ƙarti suka taru suka ja shi gefe, suka jefar cikin ciyawa wajen tsofaffin tayoyi. Ezekiya yana zaune a gindin dalbejiya kamar mai jiran mara lafiya a ƙofar ɗakin tiyata. Da kowa ya tafi cin abinci, ya lallaɓa ya nemo ƙarfen da ƙafa, ya tsuguna ya shafa shi daga wannan kai zuwa wancan.

Aikin ya ɗauki kwanaki. Eva ta auna, ta ja zare, ta sake aunawa, ta sa aka yanke abin da aka riga aka liƙa don ya karkace da kaurin farce. Ita da Abdulhakeem suka yi ta musu a kan inda sitiyari zai haɗu da sabbin hannuwan, har ya ce zai bar mata garejin ya koma noma. Ban san kan aikin ba, amma na san kyakkyawan aiki in na gani, kuma na ji alfahari, ba zan ɓoye ba. Da ta gama ƙafafun sai ta ce ai gyara bai cika ba in an bar tsohuwar kujera, ta ciro ta jif ɗin mai soso kamar katifar amarya ta dasa. Ɗan abin da tayoyin baya za su riƙa aikowa gaba ma, soson ya shanye.

Ranar gwaji ta ɗora kwanon kunu cike fal a kan kujera, ta zagaya gareji, ta hau duwatsu, ta sauka kwata, ta dawo. Ko ɗigo bai zuba ba. Mutane suka yi tafi. Ezekiya ma ya yi, bayan kowa ya gama.

Asabar ɗin nan aka gayyaci zumuntar matan cocinmu bikin godiyar kaka a Betso, kuma tun da aka kafa zumuntar Gwaggo ce ke kai su ko'ina. Eva ta hau babur tun da safe ta yi gaba. Ta ce tana so ta tsaya a ƙofar coci ta ga Babanta ya sauko daga mota bai riƙe ƙugu ba. Matan suka cika bayan mota da tulunan kiɗansu da kacau-kacau, Salome mai ba da waƙa ta zauna jikin kan mota inda ta saba. Na shiga gaba. Da na zauna a kujerar nan na ji kamar an rungume ni, na ce a raina yau akwai magana.

Muka tashi. Ezekiya ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya miƙe zaune, ya matsa hagu, ya matsa dama, yana neman hanya a ƙarƙashinsa bai samu ba.

“Maman Eva, mun tashi kuwa?”

“Mun wuce masu lemo ma.”

“To.”

Na ce “keke,” ya kauce. Na ce “mai baro,” ya tsaya. Na tuna na ce “jaki,” ko kuma mafarkin jakin na yi. Daga nan ban ƙara sanin komai ba. Abin da ya biyo baya, daga bakin Salome na ji rabi, rabi daga bakinsa.

Shi dai yana jiran Tagwaye don ya karya hagu. Tagwaye suka zo, sabbin ƙafafun suka haɗiye su ba ko gyatsa, ya wuce abinsa. Ya ce a ransa yau gari ya ƙara tsawo, ƙila an yi sabbin gine-gine. Can ya ji shiru ya yi yawa, ya ce, “Maman Eva, gaba lafiya?” Ni kuma daga cikin barci na ce, “Amin.” Ya ɗauka hanya fes take. Ya ɗora hannu a kan oda yana dannawa jefi-jefi, kuma duk Mubi an san muryar Gwaggo, kowa ya ji sai ya ba ta wuri. Da ya ji rurin wata tifa a gabansa, ya ce tunda tana tafiya ai akwai hanya, ya bi ta. Tifar kuwa yashi za ta ɗebo a mayo, wato kogi. Da ta sauka bakin ruwa ya ji ƙarar ta ɓace, sai ga kukan shanu a gaba, ya koma bin shanu.

Matan baya suna cikin waƙa, suna fuskantar juna. Salome ce ta fara lura, da ta ga mun bar unguwar Lamorde a baya, duwatsu kuma suna matsowa ta inda bai kamata ba. Ta ɗaga hannu ta buga rufin mota da ƙarfi. Ezekiya ya ji, ya ce yau Salome ta zo da sabon kiɗa, ya amsa mata da oda. Ta sake bugawa, ya sake amsawa. Masu tulu suka ji abin ya yi daɗi suka ɗauka, masu kacau-kacau suka shigo, aka yi amshi. Salome kuwa mace ce da ba ta iya jin amshi ta bar shi a rataye. Ta ce ta buɗe baki don ta yi ihu a tsaya, sai baiti na gaba ya fito. Haka suka hau hanyar Kwaja gaba ɗayansu, ana gode wa Allah, garken shanu a gaba, makaho a sitiyari, ni a gefe ina cewa amin.

Shanun suka tsaya, shi ma ya tsaya. Ya ji hayaniyar jama'a, ya ji ƙamshin shinkafa da nama, ya kashe mota ya ce, “Mun iso.” Na buɗe ido na ga bukkoki, da ƙore a jere, da rago an rataye ana feɗewa, da maza a kan tabarmi da huluna. Ko alamar coci babu.

Wani dattijo mai malafa ya taso da sauri. Ezekiya ya sauko, kuma gaskiya bai riƙe ƙugu ba, ya kama hannun dattijon da hannu biyu ya ce, “Fasto, a yi haƙuri, mun ɗan makara.”

Dattijon ya ƙyalƙyale da dariya. “Jaɓɓaama, jaɓɓaama, maraba! Ezekiya, har yanzu ba ka bar tsiya ba? Yau kuma ni ne fasto? Wa ya gaya maka an yi mini jika?”

Adi ne, makiyayin da mijina ya yi shekaru yana kai wa maruƙa kasuwar shanu. Rabonsu tun Adi yana zaune wajen Betso, kafin ya tashi da iyalinsa ba mu san inda ya koma ba. Yau sunan jikarsa ake. Ya dubi bayan mota ya ga mata cike da anko da tuluna, sai idonsa ya kawo ruwa. Ya juya yana gaya wa jama'a, ku ga abota, mutum ya ji labari daga nesa, ya ɗauko masu waƙa mota guda. Ya riƙe hannun Ezekiya yana ta cewa, “Useko, useko,” yana godiya.

To wa zai buɗe baki ya ce ɓata muka yi? Salome ta dube ni, na dube ta, ta gyara ɗankwali ta ɗaga waƙar godiya, wadda ba ta da abin da zai ɓata wa kowa rai. Matan gidan suka kifa ƙwarya a ruwa suka shiga kiɗan. Aka kawo shinkafa, aka kawo nono. Ni kuma kafin in kai ga kunnen mijina in gaya masa ko da kalma ɗaya, tsofaffin gidan suka ja ni ciki wajen Sumayyat mai jego, suka dasa mini jaririya a hannu. Daga nan na ji Salome a bayan bukka tana waya ƙasa-ƙasa, tana cewa, “Eva, kada ki tashi hankali, kowa lafiya, amma muna cin suna a hanyar Kwaja.”

Na so in fita, aka ce sai na sa wa yarinya albarka. Na sa, aka ce sai na ci nama. Na ci, yarinya ta yi barci a hannuna, aka ce kada in motsa. Da ƙyar na samu na fito bakin zana, da 'yar mutane a ƙirji, daidai lokacin da babur ya sauke Eva.

Ezekiya ya zame daga cikin maza ya koma wajen mota shi kaɗai. Yana tsugune jikin tayar gaba, ya zura hannu yana shafa sabon sifirin ɗin mai murɗe-murɗe. Ya san gidan Adi ne, amma bai san a wace duniya gidan yake ba, kuma ba shi da wanda zai tambaya ba tare da ya tona kansa ba. Eva ta zo ta tsaya a kansa, cikin zani da ɗankwalin biki, ranta a ɓace, tana neman ta inda za ta fara. Ya ɗago ya dube ta sosai.

“'Yan mata, ke ta gidan nan ne?”

Na ga bakinta ya buɗe ya rufe.

“Matso in tambaye ki abu, amma tsakani na da ke. Wane gari ne nan? Ta ina Mubi yake? Kada ki nuna da hannun ki, kama nawa ki nuna da shi.” Ya miƙo hannu. “Kuma in wata yarinya ya zo, dogo, mai baƙin mai a farce, kada ki ce na tambaya. Ita ya gyara motan nan. Aiki nata babu irin shi, ko a Yola. Ni ne ban da kyau.”

Na tsaya da jaririya a hannu, ba damar gudu, ba damar ihu. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kowa, haushin kujera, haushin jif ɗin da aka buge ta baya, haushin shinkafar da na ci.

Eva ta kama hannun. Yana jin tafinta, da kantar sifana a gindin yatsu, sai ya gane ta. Ta juya shi a hankali, ta miƙar da hannunsa wajen gangare.

“Mubi yana nan, Baba.”

Ya daɗe hannun yana miƙe. Sannan ya sauke, ya laluba aljihu, ya ciro makullin da igiyarsa ta fata, ya sa mata a tafi ya naɗe yatsunta a kai. Ba ta tambaya ba, shi ya ba ta. Ta juyo ta hango ni.

“Mama, tun yaushe?”

“Tun kina cin naman akuya,” na ce. Na shiga na mayar wa mutane 'yarsu.

Adi ya raka mu har mota da ƙwaryar man shanu da cinyar rago, yana cewa baɗi ma in an haihu zai aiko. Eva ta buɗe wa ubanta ƙofar gaba ta gefen fasinja. Ya dafa soson, ya janye hannu.

“A nan ni makaho ne,” in ji shi.

Salome ce, da ba ta iya ganin shiru ta ƙyale shi, ta ce daga sama, “Ku dai kuna jin daɗi a gaba. Mu a baya ba mu gani wani canji ba fa, ƙashi na duk ya kwance.”

Ezekiya ya ɗaga kai. Ya bi jikin mota da hannu har baya, ya taka taya, ya haye. Matan suka matsa masa, ya zauna a ƙasan ƙarfe tsakanin tuluna, daidai kan tayoyin baya, ya miƙe ƙafa. Mutumin da bai taɓa zama a bayan motarsa ba tun ranar da ya tsuguna a wurin ya karɓi Eva da hannunsa.

Eva ta tayar. Ba mu yi nisa ba tayar baya ta faɗa wani rami, tuluna suka yi ƙara, sai muka ji ihu daga baya.

“Kunnen Jaki! Wannan Kunnen Jaki ne! Ashe hanyar Kwaja muke! Gaba kaɗan akwai Mai Tsakuwa!”

Mai Tsakuwa bai zo ba, don Eva direba ce ta ƙwarai, ta hango shi ta kauce. Ta kauce wa na gaba, da na gabansa. Sai aka fara dukan rufi, ba na kiɗa ba. Ta tsaya ta leƙa.

“Baba, lafiya?”

“Kina kauce ma ramuka.”

“To ai haka ake tuƙi.”

“Kina rufe mini ido.”

“Baba, na san hanya fa.”

“Ke kin sani. Ni fa?”

Ta dawo da kanta ciki ta zauna, ta kalli sitiyari. Sannan ta sa giya, ta nufi rami na gaba ta shiga tsakiyarsa. Daga nan har muka ratsa gari muka fita, duk ramin da ta gani sai ta kai masa ziyara. Masu keke suna tsayawa suna kallon motar da aka yi wa gyaran da ya fi na kowa a Mubi tana bin ramuka ɗaya bayan ɗaya kamar mai rabon goron gayyata. Matan baya suka bar waƙa suka koma kiran sunan Yesu. Shi kuwa yana ta kiran sunayensa, muryarsa ta dawo irin ta da.

Abu ɗaya ne, labari a makare yake isa baya. Sai gaba ta wuce rami kafin baya ta sani. Da muka zagayo muka zo Tagwaye ta inda muka bi da safe, Eva ta riga ta karya sitiyari kafin ya buga rufi ya ce, “Hagu! Hagu!” Ta leƙa ta taga ta ce, “To, Baba.” Haka ta yi a kowace kwana, kuma a cikin matan nan, da duk surutunsu, babu wadda ta gaya masa.

Rana ta yi sanyi sa'ad da muka doshi Betso. Mun san an gama biki, ƙila har an wanke tukwane. Ina gaba a kan soson nan, amma barci bai zo ba. Hanya ta fara ɗan gangarawa, sai aka buga rufi, wannan karon tun kafin a kai.

“Eva! Naki yana zuwa! Ta dama, jikin dutse!”

Ta rage gudu. Ta daidaita tayar dama. Ƙafar gaba ta shiga ta fita, ko kwanon kunu ba zai sani ba. Sannan ta baya ta faɗa. Motar ta yi tsalle, Salome ta ƙwalla ƙara, tulu ɗaya ya fashe, man shanun Adi ya kife a cinyar matar sakataren coci.

“Kin ji shi?” in ji shi daga baya.

Eva ta goge ido da bayan hannu, ta leƙa. “Kaɗan, Baba.”

“Kaɗan? A nan aka haife ki, ki ce kaɗan? Koma.”

Salome ta rantse ba za ta ƙara shiga motarmu ba har ta mutu. Eva ta sa ribas.